Babi na Biyar: Iskar Goshi da Iskar Ƙeya

Wata safiya ce ta hunturu a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Hazo ya ɗan lafa, rana ta fito fara fat, ana iya kallonta ba ƙiftawa. Muna zaune cikin jirgi mai zuwa Legas, wato Ikko, kusa da ni wani dattijo ne ya naɗe wuya da rawani, carbi a hannu, idonsa a kan taga. Jirgin ya bar inda ya kwashe mu, ya yi ta rarrafe har can ƙarshen fili, ya juya, ya tsaya. Dattijon ya dubi inda rana take, ya dube ni.

"Ɗana, ba Ikko za mu ba?"

"Can za mu, Baba."

"To ai Ikko kudu take. Ga shi direban ya ba ta baya, ya sa gaba wajen alƙibla kamar mai jigilar alhazai."

Na ce masa, "Iska yake nema, Baba. Ta can take busowa."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ni dai a sanina, matafiyi so yake iska ta turo shi ta baya. Wa ke neman ta tare shi ta gaba?"

Kafin in haɗa amsa injina sun ɗauki ruri, bayanmu ya manne da kujera, hira ta yanke. Amma tambayarsa ta mai hankali ce, kuma ita za mu bi a wannan babi. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke daga gona zuwa gida iskar hunturu na dukan ƙirjinsa ya san gaskiyar dattijon. Ba banza ba aka ce iska na wahalar da mai kayan kara. Sai dai mai keke da mai kara ƙasa ce ke ɗauke da su, iska cikas kawai take kawo musu. Jirgin sama kuwa iskar ce za ta ɗauke shi. Wanda ya riƙe wannan bambanci ya kama bakin zaren duk abin da ke faruwa cikin daƙiƙa talatin zuwa arba'in ɗin da jirgi ke yi yana sheƙa gudu a kan titi.

Iska ma kaya ce

Mun saba ɗaukar iska kamar ba komai ba ce. In aka kwashe kayan ɗaki sai mu ce ya zama wayam. Alhali akwatin da ke da mita ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a zurfi, iskar da ke cikinsa ta kai kilo 1.2 a bakin teku. Ɗakin kwana mai mita huɗu da huɗu, rufinsa mita uku daga daɓe, yana ɗauke da iskar da ta ɗara buhun siminti nauyi. Abin da ke da nauyi kuwa ana iya tura shi, shi ma yana iya turawa.

Duk yaron da ya taɓa samun bakin taga a motar haya ya san wannan da fatar hannunsa. Mota na gudu a hanyar Zariya, ka miƙa tafinka waje a shimfiɗe, iska na wucewa sama da ƙasa, ba ka jin komai sai sanyi. Ka ɗan ɗaga gaban tafin. Nan take za ka ji kamar wani ya sa hannu ta ƙasa ya cira maka shi. Direba ya taka birki gab da shiga gari, hannun ya yi nauyi ya dawo maka. In kuma ka karkata tafin da yawa, ɗagawar ta ɓace, iska ta fizge hannun baya. Kusan duk ilimin fiffike yana cikin wasan nan.

Abin da tafin ya yi shi ne ya tare iskar da ke zuwa a miƙe ya karkatar da ita ƙasa. Tun 1687 Isaac Newton ya rubuta ƙa'idar: duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka daidai gwargwado. Mai kwalekwale yana tura ruwa baya, ruwa ya tura shi gaba. Fiffike yana tura iska ƙasa, iska ta tura shi sama. An ƙera shi da ɗan doro da siririn baki a baya, don iskar da ke bi ta samansa ta lanƙwasa ta fice tana gangarawa. Wannan iska ta sama tana ƙara sauri, kuma Daniel Bernoulli, masanin lissafi na ƙasar Suwizalan, ya nuna a 1738 cewa inda ruwa ko iska ya ƙara sauri matsinsa raguwa yake. Ke nan saman fiffike matsi ya ragu, ƙarƙashinsa ya ƙaru. Bayanin Newton da na Bernoulli hanya biyu ce mai zuwa gida ɗaya.

Bari mu ga girman aikin. Boeing 737-800, irin wanda ke jigila tsakanin biranenmu, in ya yi cikakken lodi yana kaiwa tan 79, faɗin fikafikansa kuwa murabba'in mita 125 ne. Kowane murabba'in mita, wurin da ya ɗan fi dardumar sallah, yana ɗauke da kilo 630, buhun siminti goma sha biyu da ɗoriya. Hankali zai so ya ƙi yarda, sai an tuna cewa iskar da ke bisa kanmu tana danna kowane murabba'in mita da nauyin kusan tan 10, ta sama da ta ƙasa da kowane gefe, shi ya sa ba ma ji. Aikin fiffike kawai ya sa matsin sama ya gaza na ƙasa da kamar kashi 6 cikin 100 na wannan nauyi. Da haka jirgi ke tashi.

Abu huɗu ke yanke yawan ɗagawar: faɗin fiffike, yadda ya karkata ga iska, kaurin iskar, da saurin da take wuce shi. Faɗin ma ana ƙara shi lokacin tashi. Wanda ya zauna daidai fiffike zai ga leɓensa na baya ya zazzago ya sunkuya. Amma sauri shi ne sarki a cikinsu, domin ba ɗaya-ɗaya yake biya ba. Ninka sauri sau biyu, ɗagawa ta ninka sau huɗu. Ninka shi sau uku, ta ninka sau tara. Jirgin da ke bukatar kilomita 270 a awa, in ya kai 135, rubu'in abin da yake nema kawai ya samu. Sauran kashi ukun sai gaba suke zuwa masa.

Gudu iri biyu ne

Ga inda amsar dattijo take. Fiffike bai san kwalta ba, bai san nisan da taya ta ci ba. Abin da ya sani shi ne iskar da ke shafarsa. Ko jirgi ne ya kutsa cikin iskar da ke tsaye, ko iska ce ta taho ta same shi yana tsaye, a wurin fiffike duk ɗaya ne. Don haka matuƙa suke rarrabe gudu biyu: wanda jirgi ke yi bisa ƙasa, da wanda yake yi cikin iska. Na farko shi ke faɗa maka yaushe za ka isa. Na biyu shi ke riƙe ka a sama.

Masunta a Yawuri sun san irin wannan. Mai kwalekwale da ke tuƙi da ƙarfin kilomita biyar a awa, in ya yi gaba da ruwan Neja lokacin da shi ma ke gangarowa da kilomita biyar, ruwa na ta tsagewa a hancin jirginsa, gumi na zuba, amma na bakin gaɓa a wuri ɗaya yake ganinsa. Haka shirwa ke yi bisa gidan da ke da 'yan tsaki. Ka gan ta cak a sama kamar an rataye ta, alhali tafiya take cikin iskar da ke tahowa da sauri daidai da nata.

Mu koma ga jirgin nan mai bukatar 270. A ce iska na busawa da kilomita 27 a awa, irin wadda ke kaɗa shanya da rassan darbejiya. In jirgin ya fuskance ta, tun yana tsaye ya samu 27 kyauta, 243 kawai zai nema da tayoyinsa. In ya ba ta baya, sai ya kamo ta tukuna, ya wuce ta, ya kai 297 bisa ƙasa kafin fiffike ya ji 270. Tsawon titin da ake ci shi ma ƙa'idar ninkin nan yake bi. Jirgin da zai ci mita 2,000 in babu iska, da iskar goshi kamar 1,620 za su ishe shi, da iskar ƙeya kuwa sai ya ci kusan 2,420. Iska ɗaya, jirgi ɗaya, lodi ɗaya, amma tsakanin fuskantarta da ba ta baya akwai mita 800 na kwalta.

Da wannan dabara aka fara tashi tun ranar farko. Wilbur da Orville Wright, wa da ƙane masu shagon kekuna a garin Dayton na Amurka, sai da suka rubuta wa hukumar yanayi ta ƙasarsu takarda suna neman wuraren da iska ba ta yankewa, sannan suka zaɓi rairayin bakin teku na Kitty Hawk. Ranar 17 ga Disamba 1903 iska mai sanyi na busawa da kusan kilomita 40 a awa. Injinsu ƙarfin doki 12 ne kacal. Orville ya kwanta rub-da-ciki a kan jirgin, hancinsa na cikin iskar, ya tashi ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya sauka mita 37 daga inda ya ɗaga. Raba 37 da 12, za ka ga kamar kilomita 11 a awa yake yi bisa ƙasa, gudun mai sassarfa. Har Wilbur ya bi shi da ƙafa yana riƙe da bakin fiffike kafin ya rabu da ƙasa. Kusan kashi huɗu cikin biyar na saurin da fiffiken ya ji, iskar ce ta kawo.

Amma fa dattijo ma yana da tasa gaskiyar. Da zarar jirgi ya hau ya kama hanya, iskar ƙeya alheri ce. Can sama, wajen kilomita 10, akwai wasu kogunan iska masu gudu daga yamma zuwa gabas. A Fabrairun 2020 wani Boeing 747 na British Airways ya hau irin wannan kogi daga New York, ya isa Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da takan ci sama da awa shida. Bisa ƙasa ya zarce kilomita 1,300 a awa, amma cikin iskar da ke ɗauke da shi gudunsa na yau da kullum yake yi.

Lambobin bakin titi

In ka leƙa ta taga jirgi na shirin hawa titi, za ka ga manyan lambobi biyu da farin fenti a kan kwalta. Fuskar da titin ya dosa suke nunawa. An raba da'ira gida 360: gabas 90, kudu 180, yamma 270, arewa 360. Sai a ɗauki inda titin ya dosa a jefar da sifilin ƙarshe. Titi mai lamba 09 gabas ya dosa, in ka shigo ta ɗaya bakin kuma ya zama 27.

Babban titin Kano 06 ne ta wannan baki, 24 ta wancan, wato arewa maso gabas da kudu maso yamma. Na Abuja 04 da 22. Na Kaduna da na Maiduguri 05 da 23. Wannan kamanni da dalilinsa. Kafin a shimfiɗa titi sai an tattara bayanin iskar wurin na shekaru, ƙasarmu kuwa iska biyu ke karɓa-karɓa a kanta: ta hunturu mai tasowa daga Sahara ta arewa maso gabas da ƙura da sanyi, da ta damina mai tasowa daga teku ta kudu maso yamma da laima. Titi ɗaya ya ishe su duka, baki ake sauyawa. Matar da ta san ta inda ƙaiƙayi ke tashi ranar shiƙa za ta iya faɗa maka bakin da jirgi zai bi.

Ba kullum iska ke bin layin da injiniya ya ja mata ba. In ta zo ta gefe tana neman ɗaga fiffike ɗaya, ta tura wutsiya, ta juya hancin jirgi wajenta, matuƙi kuma ya danne ta da hannu da ƙafa har ya tashi. Kowane jirgi yana da iyakar iskar gefe da aka yarda ya tashi a ciki. Ta ƙeya kuwa iyakarta ƙarama ce ƙwarai, a yawancin jiragen fasinja not 10 ne zuwa 15. Not ma'auni ne da aka gada daga matuƙan jirgin ruwa, ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa. Dokar lissafin tashi ma ba ta sakin jiki da iska: in ta goshi ce rabinta kawai ake ƙirgawa, in ta ƙeya ce a ƙara mata rabi. Alherinta ba a dogara da shi duka, sharrinta kuwa ana ƙaddara ya fi yadda aka gani.

Ɗan bututu da ginin zanzaro

To ta yaya wanda ke zaune cikin rufaffen ɗaki zai san saurin iskar da ba ya gani? A gefen hancin jirgi akwai wasu 'yan bututaye, kaurinsu kamar na yatsa, bakinsu na kallon gaba. Wani injiniyan Faransa, Henri Pitot, ya ƙirƙiro irinsu a 1732 don auna gudun ruwan kogin Seine a Faris. Iska tana cusa kai cikin bututun, na'ura ta gwada wannan matsi da na iskar da ke kwance a gefen jirgi, bambancin shi allura ke nunawa. Wato irin dukan da iska ke yi wa fiffike take aunawa, kuma shi matuƙi ya fi bukatar sani.

Kafin a rufe ƙofa matuƙan biyu sun riga sun zauna da alƙaluma: nauyin fasinja da kaya da mai, tsawon titi, zafin rana, iska, ko kwalta a jiƙe take. Daga nan suke fitar da gudu uku. Na farko suna kiransa V1, shi ne iyakar fasawa. Kafin a kai shi, in inji ya mutu, akwai sauran titin da birki zai tsayar da jirgi. In an wuce shi bakin alƙalami ya bushe, tashi ya zama dole ko da inji ɗaya ne, kuma an ƙera jirgin ya iya. Shi ya sa kyaftin ke ɗora hannu a kan sandunan ba inji wuta tun farkon gudu, da an kira V1 sai ya ɗauke, don kada firgita ta sa ya ja su baya. Na biyu shi ne gudun ɗaga hanci: matuƙi ya ja sitiyari a hankali, wutsiya ta sunkuya, fiffike ya karkata kamar tafin yaron nan a tagar mota, ɗagawa ta rinjayi nauyi. Na uku shi ne gudun da jirgi zai riƙe yana hawa lafiya ko da inji ɗaya ya rage masa.

Duk waɗannan a wuyan ɗan bututun nan suka rataya. A Fabrairun 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya tashi da dare daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika, bayan ya yi kusan mako uku a ajiye ba a rufe bakin bututayensa ba. Ana cikin gudu a titi kyaftin ya lura allurarsa ba ta aiki daidai, bai tsaya ba. Da suka hau sama allurar ta fara nuna gudu fiye da kima, aka rage wuta alhali tafiyar jirgin raguwa take, har iska ta saki fikafikan, ya faɗa teku da mutum 189. Masu bincike sun fi kyautata zaton zanzaro ne ya yi ginin lakarsa a cikin bututun, irin ginin da muke gani a bayan ƙyaure mu kankare da tsinke. Wannan ne dalilin jajayen ƙyallayen da ke reto a hancin jirgin da ke ajiye. Murfin bututun ne, an yi masa ja don kada a manta a cire.

Zafin bazara

Saura kaurin iska. Iska mai zafi buɗewa take ta yi shara-shara, haka ma ta kan tudu. Kano tana bisa teku da kamar mita 470. Da rana tsaka a watan Afrilu, zafi na digiri 40, iskarta ta gaza ta bakin teku mai sanyi kauri da kusan kashi 13 cikin 100. Abin da fiffike zai tura ya ragu, dole jirgi ya ƙara gudu na gaske kafin allura ta nuna adadin da ake nema. Inji kuma da iskar yake numfashi, shi ma ƙarfinsa ya ragu. Bukata ta ƙaru, mai biyanta ya raunana, titi kuwa bai ƙaru da taku ɗaya ba.

Filayen kan tudu sun fi kowa sanin wannan. Na Jos yana kusan mita 1,300 bisa teku, na Adis Ababa ya haura 2,300. A Denver ta Amurka, mai tudun da ya haura mita 1,600, sai da aka shimfiɗa titi mai tsawon mita 4,877. Inda ba a iya ƙara titi, nauyi ake ragewa: a sauke kaya, a bar wasu kujeru ba kowa, ko a jira sanyin dare ko na asuba.

Mutanen Kano ba su manta da Asabar 4 ga Mayu 2002 ba. Da rana tsaka, a tsakiyar bazara, jirgin EAS mai zuwa Legas ya ƙure titi bai ɗaga ba, ya ci gaba da gudu a kan turɓaya, injinansa suka shaƙi ƙurar da ya tayar, ƙarfinsu ya ragu. Ya ɗan ɗaga, amma bai samu saurin da zai hau da shi ba, ya faɗa unguwar Gwammaja. Sama da mutum ɗari suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gidajensu. Allah Ya jiƙansu. Alƙaluman da matuƙa ke duƙufa a kansu kafin tashi, har rayukan mutanen unguwar da ke gaban titi suna ciki.

Hadarin gabas

Duk abin da muka faɗa a kan iskar goshi yana da sharaɗi guda: ta tsaya a kan maganarta. Iskar da ta ba ka kilomita 40 kyauta, in ta janye farat ɗaya, da su za ta tafi. Jirgi mai tan 60 ba ya iya ƙara gudu cikin ƙiftawar ido ya cike giɓin.

Mun san yadda hadarin gabas ke zuwa. Gari ya yi tsit, zafi ya dami kowa, sai sama ta yi baƙi ƙirin, kafin ɗigo ɗaya ya sauka wata iska mai sanyi ta taso da ƙura da ledoji, tana ɓalle kwanon rufi. Wannan iska daga cikin gajimaren ta sauko. Ruwa da ƙanƙara suna sanyaya iskar da ke ciki, ta yi nauyi, ta zubo kamar an tuntsurar da bokiti a tsakar gida, in ta bugi ƙasa ta watsu kowane gefe. Wani lokaci faɗin wurin bai kai kilomita huɗu ba, kuma cikin 'yan mintoci ta ƙare. Tetsuya Fujita, masanin yanayi ɗan asalin Japan da ke Jami'ar Shikago, shi ya bayyana ta ga duniya, bayan ya bi diddigin faɗuwar wani jirgi a New York a 1975.

Jirgin da ya ratsa irin wannan wuri yana tashi, abu uku ke samunsa a jere. Da farko iskar goshi mai ƙarfi, allura ta hau, jirgi ya ji daɗin hawa. Sannan ya shiga tsakiya, iska ta danno shi ta sama. Kafin ya farfaɗo ya fita ta ɗaya gefen, iskar ta koma ƙeyarsa, saurin da fiffike ke ji ya zube, ga ƙasa kusa. In matuƙi ya ja hanci sama fiye da kima don ya tsere wa ƙasa, sai fiffike ya zama tafin da aka karkata da yawa, ɗagawa ta ɓace gaba ɗaya.

Wannan ne ya faru a Abuja ranar Lahadi 29 ga Oktoba 2006. Jirgin ADC, Boeing 737 mai zuwa Sakkwato, ya tashi hadari na kan filin, ba a yi minti biyu ba ya faɗi a wata gona. Cikin mutum 105 da ke ciki 96 suka rasu, har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido da ɗansa Sanata Badamasi Maccido. Rahoton bincike ya ɗora abin a kan shawarar tashi cikin wannan yanayi, da rashin bin matakan da aka tsara na kuɓuta daga juyin iska. Yau manyan jirage na ɗauke da na'urar da ke hango irin wannan iska ta yi kururuwa a ɗakin matuƙa, ana kuma horar da su a kai a kai. Duk da haka babban maganin bai sauya ba: kada a shiga. Irin wannan hadari ba ya daɗewa a wuri ɗaya. Fasinjan da aka ce ya ƙara zaman rabin awa a ɗakin jira, ga sama ta haɗe, ya sani cewa wani ne ya ɗora rabin awarsa da ransa a kan sikeli, ya zaɓar masa mafi tsada.

A safiyar nan ta hunturu, da muka huda hazo muka fito sarari mai shuɗi, jirgin ya kwantar da fiffike ɗaya ya yi dogon kwana, rana ta bar damarmu ta koma hagu. Dattijon ya gyaɗa kai, ya ga an kama hanyar Ikko. Na yi masa bayanin tafin hannu da tagar mota gwargwadon iyawata. Ya saurara har na gama, carbinsa ya tsaya a ƙwaya ɗaya.

"Ɗana, ka taɓa tsayawa a mayanka da hantsi?"

"Na taɓa, Baba."

"A da wurin cike yake da ungulu. In ta ƙoshi ta yi nauyi, ba ta tashi nan take. Sai ta juya ta ba iska ƙirji, ta yi tsalle biyu ko uku da fikafikai a buɗe, sannan ta ɗaga. Tun ina yaro nake ganin haka, ban taɓa neman dalili ba sai yau."

Ya mai da ido taga, ya daɗe yana kallon fiffiken, bakinsa ya ɗan lanƙwasa sama da nauyinmu duka. Can ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Wanda ke riƙe da ita da mu," ya ci gaba da jan carbinsa.